Takardun Bashin Sarki Barmo

A shekarar da shamuwa ta ƙi sauka a kan rimin fadar Dalgo, labari ya iso birni cewa Maitaguwa, Sarkin Wurgi, ya sa an buga tambarin yaƙi. Tsofaffi suka ce tun tasowarsu ba su taɓa ganin shamuwa ta zo da bazara, ta yi shawagi bisa fada, sannan ta wuce ba. Kowa ya fassara abin gwargwadon tsoronsa.

Sarki Zailani ɗan Barmo, wanda bai daɗe da hawa gadon ubansa ba, ya tara majalisa da hantsi a babban soro. Cikin waɗanda suka hallara akwai Malam Ɗayyabu, magatakardan fada, mutum siriri mai ƙarancin magana, wanda ya gaji aikin daga mahaifinsa. Mazauninsa na can gefen hagu, jikin ginshiƙi, inda yake jin kome amma ba a cika tambayarsa kome ba.

Madawaki Cindo, shugaban mayaƙa, shi ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zaki. Maza muna da su, zuciya muna da ita. Abin da ba mu da shi geron da za su ci a hanya, da kiban da za su cika kwari, da lifidin dawaki, da jakunan ɗaukar kaya. In Maitaguwa ya ƙetare Gulbin Kada kafin ruwa ya cika shi, to a gindin ganuwar nan za mu gaisa da shi."

Sarki ya juya wajen Ma'aji Nagoma, mai riƙe da taskar fada. Ma'aji ya gyara zama, ya share gumi, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, abin da ke taska ba zai ciyar da runduna har bakin gulbi ba. Na aika kasuwa, na aika unguwar maƙera, na aika ƙauyuka, ina neman a ba fada bashi zuwa kaka. Ko mudu ɗaya ban samu ba. Duk inda manzona ya tsaya amsa guda ce, wai a fara biyansu na marigayi."

Ba wanda bai san abin da ake nufi ba. Shekaru ashirin da ɗoriya da suka wuce, sa'ad da Sarki Barmo ya yi yaƙin farko da Wurgi, ya karɓi hatsi a hannun manoma, da makamai a hannun maƙera, da dabbobi a hannun fatake. Ya sa aka rubuta wa kowa takarda, aka buga hatimi, cewa fada za ta biya in an dawo. Aka dawo da nasara, sarakunan yaƙi suka raba ganima a tsakaninsu, masu takardu kuwa aka ce su dakata sai baɗi. Haka aka yi ta ce musu har Barmo ya rasu.

Madawaki ya ce, "Yau kuma talaka ke bin Sarki bashi? Ƙasar da ya noma ta wa ce? A ba ni dogarai, kafin azahar in cika rumbunan fada."

Sarki ya ɗaga masa hannu, ya tambayi Ma'aji, "Nawa ne bashin?"

Ma'aji ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, fada ba ta riƙe nata lissafin ba. Sai wanda ke hannun mutane."

Nan ne Malam Ɗayyabu ya matso daga jikin ginshiƙi, ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, in an yi mini izini. Mahaifina ne ya rubuta takardun nan da hannunsa, na san rubutunsa kamar yadda na san fuskarsa. A bar ni in zaga ƙasa in tattaro su, a karanta su a gaban Sarki, a san iyakar abin. Wanda taska za ta iya, a biya. Saura a sabunta shi da hatimin Sarki mai ci. Mutumin da ya ga an tuna da tsohon bashinsa, da hannunsa zai buɗe rumbu. Wanda aka fasa wa rumbu kuwa, gobe a rami zai binne hatsinsa."

Madawaki ya yi tsaki a hankali. Sarki ya daɗe yana murza zoben hannunsa, sannan ya ce, "Tafi ka tattaro, Magatakarda. Ka yi sauri."

"Allah ya ja zamaninka, in suka tambaye ni ko za a biya, me zan ce musu?"

Sarki ya dubi Madawaki, ya dubi Ma'aji, ya ce, "Ka ce Sarki zai duba."

Malam Ɗayyabu ya yi godiya ya tashi, amma kalmar nan ba ta kwanta masa ba. Ya so a ba shi abin da ya fi ta nauyi.

Aikin da ya zaci zai zo da sauƙi sai ya zame masa jidali. Da farko da dogarai biyu ya fita, amma duk ƙauyen da aka hango jajayen riguna sai maza su shige daji, mata su ce ba kowa a gida. Dole ya sallame su, ya ci gaba shi kaɗai, da jakinsa da gafakarsa ta fata.

Ko inda aka yarda aka saurare shi, wahalar ba ta ƙare ba. A Rafin Gora wani manomi ya kawo masa ƙwarya a rufe, da aka buɗe sai ga garin takarda da gara ta bari, gefen hatimi kaɗai ya tsira. A wani gari magada uku sun yaga ta ubansu kashi uku don kada wani ya cuci wani, ɗayansu kuwa ya tafi fatauci da nasa kason. Wata tsohuwa ta ga rubutun malami ne, ta sa an ɗinke tata a fata ta rataya wa jikarta laya, sai da aka yi ta lallashi kafin ta yarda a farke. Wani ma wanke tasa ya yi ya ba matarsa ta sha, lokacin da haihuwa ta zo mata da gardama.

"Ai ta yi amfani, Malam," in ji shi. "Ta fi waɗanda aka ajiye."

Akwai kuma masu wayo, waɗanda da suka ji ana karɓar takardu suka je aka rubuta musu sababbi, suka turara su da hayaƙi don su yi kama da tsofaffi. Waɗannan bai sha wuya da su ba, don mahaifinsa yana da yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafi, ba wanda ya iya kwaikwayonsa. Amma kowane ɗaya sai an yi musu da shi, rana na tafiya, gizagizai na ƙara taruwa a gabas.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne tambayar nan guda da ke jiransa a kowane zaure: "Za a biya?" Da ya ce Sarki zai duba, sai ya ga fuska ta rufe, hannun da ya fara miƙo takarda ya koma cikin riga. Ya dawo birni ƙafafu a kumbure, gafakarsa ko rabi ba ta yi ba.

Ya nufi unguwar maƙera. Sarkin Maƙera Gajere bai ko ajiye masaba ba, yana duka yana magana.

"Allah gafarta Malam, a nan inda kake tsaye mahaifinka ya tsaya, Allah ya jiƙansa. Shi ma da ladabi ya zo. Ubana ya kashe damina guda yana ƙera kan kibiya, gonarmu ta koma ciyawa, shekarar nan dusa muka ci. Takardar tana can cikin gora a rataye. In Korama ta ba da nata, zan ba da tawa, haka ma sauran mutanen birni. In ta hana, kada ka wahalar da kanka ka dawo."

Korama Kandala ita ce shugabar masu awon hatsi a kasuwar Dalgo, tsohuwa ce da kowa ke kira Inna. Mijinta ne ya fi kowa ba Barmo gero. Ban da haka, a wata shekarar yunwa talakawa sun yi ta kawo mata takardunsu tana ba su hatsi a madadinsu, ta kuwa san ba abin da za su tsinana mata. Saboda haka abin da ke cikin adudunta ya fi na ƙauyuka da dama in an haɗa.

Ya same ta a tsakar gida tana duba masu sheƙa. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba.

Ya ce, "Inna, ba zan ɓoye miki ba. Abin da Sarki ya faɗa shi ne zai duba."

Ta ce, "Ɗan Malam, ni ban san Sarkin nan ba, ban taɓa ganin kome nasa ba sai rawani daga nesa. Kai na sani, tun kana rarrafe a zauren mahaifinka. Rabin abin da ke cikin adudun nan ba nawa ba ne, na marayu ne da gwauraye, na ce musu ranar da aka biya zan cire hatsina in ba su saura. Faɗa mini da bakinka, ba da bakin fada ba. Takardun nan za su dawo hannuna, ko su ko kuɗinsu?"

Malam Ɗayyabu ya san ba a ba shi wannan maganar ya faɗa ba. Ya kuma san in ya fita gidan nan hannu wofi, gobe dogaran Madawaki ne za su shigo. Ya tuna yadda Sarki ya ɗaga wa Madawaki hannu ya hana shi, ya ce a ransa yaron nan yana da kunya, in ya ji sunayen mutane da kunnensa ba zai iya kau da kai ba.

Ya ce, "Za su dawo, Inna. Allah ne shaida."

Korama ta tashi da kanta ta ɗauko adudun ta dire a gabansa. Kafin rana ta faɗi maƙera sun aiko da nasu, fatake sun aiko, dukawa da masu ɗinkin lifidi sun aiko, har sai da aka nemo mangala aka ɗora wa jaki.

Ranar da aka zauna karatu, soro ya cika. Malam Ɗayyabu ya jera takardun bisa buzu, unguwa unguwa, gari gari, ya fara. Wane ɗan wane, gero dami kaza. Wane maƙeri, kan mashi kaza. Wance matar wane, jakuna biyu da buhun gishiri. Wasu sun yi baƙi da tsufa, wasu sai ya ɗaga su wajen haske kafin ya gane. Tun ana jin motsin fadawa har aka daina. Ya saci kallon Sarki, ya ga ya sunkuyar da kai, ya ja amawali ya rufe baki. Zuciyar Malam Ɗayyabu ta yi sanyi, ya ce a ransa an kusa.

Ma'aji, wanda ke ta lissafi da tsakuwa a gefe, ya ɗago a firgice ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ko an haɗa harajin bana da na baɗi ba zai kai rabin wannan ba."

"Ba a ce a biya yau duka ba," in ji Malam Ɗayyabu. "A fara da ƙanana, masu jaki ɗaya da dami biyar. In suka fita daga fada da kuɗi a hannu, kasuwa za ta ji kafin la'asar."

Sarki ya buɗe baki zai yi magana ke nan, sai aka ji gudu a ƙofa. Wani manzo ya shigo jina-jina, ya zube a ƙasa.

"Zaki, Garin Mashaya ya ƙone! Maitaguwa ya sauka a bakin gulbi, yana jiran dakarunsa na baya su iso ya ƙetare."

Soro ya rikice. Madawaki ya miƙe tsaye, muryarsa ta danne ta kowa.

"Allah ya ba ka nasara, wannan karatu na lokacin zaman lafiya ne. Kafin a gama ƙirga kuɗin wuri a miƙa wa mai jaki ɗaya, Maitaguwa na shan ruwa a rijiyar fada. Amma Magatakarda ya yi mana babban aiki, Allah ya saka masa. Jiya ba mu san gidajen da ke da abin hannu ba, yau ga su an karanta mana ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ya iya ba Barmo dami ɗari, 'ya'yansa ba su rasa hamsin ba. Hujjar da suke tinƙaho da ita kuwa ga ta nan a gabanmu bisa buzu."

Malam Ɗayyabu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya manta da ladabin fada, ya ɗaga murya. "Allah ya taimaki Sarki, amana ce aka ba ni! Ba kama su na yi ba, da hannunsu suka miƙo. Na rantse musu da Allah za su koma, ko su ko kuɗinsu."

Sarki ya dube shi, idanunsa sun yi ja, tsoro da fushi sun haɗu a cikinsu. Ya ce, "Wa ya sa ka rantse? Cewa na yi zan duba, na kuwa duba. Ma'aji, kwashe su ka kulle a taska sai an dawo. Madawaki, yi abin da yaƙi ke bukata."

Fadawa suka ɗauka baki ɗaya, "Sarki ya yi daidai!" Malam Ɗayyabu yana durƙushe, yana kallo bayin Ma'aji suka tattare takardun da ya jera, suka cusa su a buhu kamar ganye.

Abin da ya biyo baya bai taɓa barin idonsa ba. Dogarai suka bi gida gida, da sunayen da ya karanta da bakinsa. Aka fasa rumbuna, aka kwance jakuna daga turke, aka tsare maƙera a bakin wuta da bulala a kansu. Ya so ya kulle kansa a ɗaki, ya kasa, ƙafarsa ta kai shi ƙofar gidan Korama. Ya tarar ana fitowa da taiki, tana tsaye a gefe ta riƙe ƙugu. Ta dube shi tun daga rawani har takalmi.

"Inna," ya fara.

Ta ce, "Matsa, ɗan Malam, ka tare musu hanya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da runduna za ta fita, Sarki ya ce Magatakarda ya biyo shi don rubuta wasiƙun yaƙi. Tun a zango na farko aka fara ganin abin da ƙwace ya tara. Aka kwance taiki, sama gero, ƙasa yashi da ƙaiƙayi. Aka wayi gari a zango na biyu, masu korar jakuna sun sulale da dabbobinsu, kaya na zube a ƙasa ba mai ɗauka. Dakaru suka isa bakin Gulbin Kada da kunu tsararo a cikinsu.

Aka yi karo da hantsi, a mashigin da ruwa bai wuce gwiwa ba. Malam Ɗayyabu yana kan wani tudu kusa da Sarki, yana ganin kome. Dawakin Wurgi suka faɗo ruwa cikin lifidi, layi bayan layi. 'Yan bakan Dalgo suka saki kibau har sama ta yi duhu, aka yi kabbara. Sai dai kiban da aka ƙera da bulala ba su sha wuta yadda ya kamata ba. Wasu suka lanƙwashe a jikin garkuwa, wasu kawunansu suka fita tun suna iska. Dawakin suka fito daga ruwa kamar ba a harbe su ba.

Madawaki Cindo, duk abin da za a ce a kansa, ba matsoraci ba ne. Da ya ga gaba ta karye, ya tara barade ya kutsa tsakiya da kansa, ya mai da mutanen Wurgi cikin ruwa har sau biyu. A na uku dokinsa, wanda bai ga hatsi ba tun barinsu gida, ya durƙushe da shi, mayaƙan Wurgi suka rufe shi da masu. Da aka ga tutarsa ta faɗi, runduna ta watse. Wani mashi ya sami Sarki a cinya, bayinsa suka ɗauke shi bisa garkuwa. Abin da ya hana a gama da su a ranar ruwan sama ne da ya kece da la'asar, gulbi ya kawo, ya raba Maitaguwa da rabin mutanensa. Waɗanda suka tsira suka ja jiki zuwa birni, aka rufe ƙofofi.

Da aka sake zaman majalisa, Sarki a kwance yake bisa darduma, ƙafa a ɗaure. Wuraren zama da yawa ba kowa. Daga bayan ganuwa ana jiyo gangunan Wurgi, don ruwa ya janye sun ƙetaro.

Sarki ya ce, murya a dushe, "Magatakarda, matso. Masu tsaron ganuwa ba su ci kome ba tun jiya. An ce akwai hatsi a birnin nan, a binne, ba mai nuna wurin. Abin da ka faɗa tun farko shi za a yi. Dawakina da suka rage, da riguna, da azurfar gidan nan, a fitar a fara biya. Ma'aji, kawo takardun."

Ma'aji Nagoma bai motsa ba.

"Ma'aji, da kai nake."

Ya kifa goshinsa a ƙasa. "Allah ya ja zamaninka, a yi mini rai. Ranar da za a fita, marigayi Madawaki ya ce in ba takarda ba bashi, ya ce nufin Sarki ke nan ko da bai furta ba. Na sa an ƙone su a bayan taska."

Malam Ɗayyabu ya ji ƙasa na juyawa da shi. Rubutun mahaifinsa, da tafiyar da ya sha, da layar da aka farke, da adudun Korama, duk sun tafi a hayaƙi guda.

Sarki ya juyo wajen Magatakarda. Ya ce, "A rubuta sababbi."

"Daga bakin wa, ranka ya daɗe? Sau ɗaya na karanta su, ba zan iya riƙe su duka ba."

"Daga bakin masu su. Abin da kowa ya faɗa, rubuta."

Sankira ya zaga birni yana shela, duk mai bin marigayi Sarki Barmo bashi ya zo ƙofar fada, za a karɓi maganarsa ba shaida ba rantsuwa. Malam Ɗayyabu ya shimfiɗa buzu a ƙofar fada, ya ajiye tawada, ya fiƙe alƙalami, ya zauna. Hantsi ya yi, rana ta take tsaka, ba wanda ya zo. Mutane na wucewa can nesa, su dube shi su kau da kai. Tawada ta bushe a bakin alƙalami, ya sake tsomawa, ta sake bushewa. Bai ga laifinsu ba. Wanda ya faɗi sunansa a ƙofar nan sau ɗaya ya ga abin da ya biyo baya.

Sai bayan azahar ya hango Korama Kandala tana tafe da sanda, Sarkin Maƙera Gajere na bayanta, da dattawan fatake. Ya yi sauri ya ɗauki alƙalami.

Ta ce, "Ajiye shi, ɗan Malam. Ba takarda muka zo karɓa ba, mun ga ƙarshenta. Shigar da mu wurinsa."

Ba a taɓa ganin mai awon hatsi a babban soro ba, amma ranar ba dogarin da ya tare ta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ɗago.

"Allah ya ba Sarki lafiya. 'Ya'yanmu ne a kan ganuwar nan, ba za mu bar su da yunwa ba, in birni ya faɗi mu ma mun faɗi. Hatsi akwai shi. Amma ko tsaba ɗaya ba za ta bi ta fada ba. Mu za mu dafa, mu za mu kai musu da hannunmu. Maƙera za su hura wuta, ba dogari a kansu."

Sarki ya ce, "An yarda. Bashin fa, Inna?"

"Yana nan, na da da na yanzu, mun riƙe shi a ka. Abu ɗaya muke roƙo. Mabuɗin taska ya bar hannun wanda ya hura wuta, ya koma hannun wanda ya rantse." Ta nuna Malam Ɗayyabu da sandarta. "Shi ya ce za su dawo, ko su ko kuɗinsu. Su dai ba za su dawo ba. To, a ba shi inda kuɗin ke shiga, mu san ƙofar da za mu riƙa bugawa."

Malam Ɗayyabu ya ce, "Inna, ni magatakarda ne, ban taɓa..."

"Da ka rantse ai ba ka ce haka ba."

Sarki ya yi nuni da hannu. Dogarai suka ciro mabuɗin daga wuyan Nagoma, suka rataya wa Malam Ɗayyabu. Fadawa suka ɗauka, "Sarki ya gaishe ka, Ma'aji!" Wani maroƙi ma ya fara kirari, ya ga ba mai taya shi, ya yi shiru.

Da yamma, hayaƙin girki ya tashi daga kowace unguwa, mata na hawa ganuwa da akusa a ka, ana jin masaba na tashi daga unguwar maƙera, tana amsa gangunan Wurgi. Sabon Ma'aji ya tafi taska shi kaɗai, ya sa mabuɗi ya buɗe. Ya tarar da tuluna jere, ya bi su ɗaya ɗaya yana leƙawa. Biyu ne kawai ke da 'yan kuɗin wuri a gindinsu, sauran sai yanar gizo.

Yana tsaye yana kallonsu sai ya ji sallama a bayansa. Ya juya, ya ga wani tsoho a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya riƙe hula a hannu. Bayansa akwai wani, bayan wannan ma akwai wani, layi ya miƙe har ya sha kwana.

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, Ma'aji. An ce nan ne ake bugawa. Ni jaki ɗaya ne nawa."